Saƙonninku na imel a hannun wa suke? Yadda ake kwashe su a adana a kwamfuta

Ranar 8 ga Agustan 2013, wani Ba'amurke mai suna Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel, Lavabit, ba tare da ya gargaɗi kowa ba. Hukumomin ƙasarsa ne suka tilasta masa miƙa mabuɗan sirrin da ke kare saƙonnin abokan hulɗarsa, saboda Edward Snowden yana cikin masu amfani da kamfanin, shi kuwa ya ga gara ya kashe sana'ar da ya ci gaba a kan wannan sharaɗi. Mutum kimanin 400,000 suka wayi gari babu hanyar shiga akwatunansu. Waɗanda suka riga suka sauke wasiƙunsu a kwamfuta adireshi kawai suka rasa. Sauran sai zaman jira, har bayan wajen wata biyu da aka buɗe musu ƙofa na ɗan lokaci su kwashe kayansu.

Ba sai mutum ya yi maƙwabtaka da Snowden irin wannan za ta same shi ba. Tun daga Disambar 2023, ƙa'idar Google ta ba kamfanin damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, tare da duk abin da ke ciki. Adireshin da jami'a ko wurin aiki suka buɗe wa mutum yakan mutu da ƙarewar karatu ko aikin. Ɓarawon kalmar sirri yana iya share akwati cikin minti biyar. Ga kuma katse layi: a Satumbar 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, a Nijar ma an toshe intanet na wayar salula har kusan kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021. A irin wannan hali, wanda saƙonninsa ke rumbun kamfani kaɗai ba ya iya duba ko lambar da aka turo masa jiya.

Ga matashin da ke bibiyar kwangilar mazaɓarsa, ko mai sa ido a zaɓe, ko wanda ya tura wa wata ma'aikata buƙata a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, asarar ta wuce ta tunawa da baya. Dokar ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa, kuma saƙon da aka tura shi ne shaidar ranar da aka fara ƙidaya. In ya salwanta, maganar ta koma na ce ka ce.

Madubi ba rumbu ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa duk wanda ya ɗora Thunderbird ko Outlook ko Apple Mail a kwamfutarsa, yana ganin saƙonninsa a ciki, to ya adana su. Wannan ya danganta da hanyar da manhajar ke magana da rumbun kamfanin, kuma hanyoyin gama-gari biyu ne.

Ta farko sunanta POP, kuma ta yi kama da akwatin gidan waya na da: mutum ya je da mabuɗi, ya kwashe wasiƙunsa, ya tafi da su gida. Abin da ya sauka ya zama nasa, kamfani ba ya iya janye shi. Illarta ita ce akwatin shigowa kaɗai take kwashewa bisa al'ada, kuma idan ba a umarce ta ta bar kwafi a rumbun ba, tana iya sharewa can, sai kwamfutar ta zama wuri ɗaya tak da wasiƙun suke.

Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a jami'ar Stanford a 1986, kuma ita manhajojin yau suke zaɓa da kansu idan an saka adireshi. Aikinta ta daidaita kwamfuta da rumbu, su zama abu ɗaya. Shi ya sa saƙon da aka karanta a waya yake bayyana a matsayin karantacce a kwamfuta. Amma daidaitawar ba ta san alheri da sharri ba. Idan wani ya shiga asusun daga wata ƙasa ya share komai, da zarar kwamfutar ta hau intanet za ta yi biyayya, ta share nata. Abin da ake gani a fuskar manhajar madubi ne: ana ɗauke abin da ke gabansa, hoton ya tafi.

A Outlook wannan madubin yana zaune ne a wani fayil mai suna da ke ƙarewa da .ost. Mutane da dama sukan kwafe shi zuwa filas suna murna, sai ranar buƙata su tarar Outlook ba ya buɗe shi a wata kwamfutar, domin a ɗaure yake da asusun da ya haife shi. Ajiya ta gaskiya ita ce kwafin da aka raba da asusun, wanda ba ya karɓar umarni daga kowane rumbu.

Sifofin da saƙo ke fita da su

Kafin a danna komai, ya kamata a san kwanon da za a zuba kayan, domin a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Mafi tsufa ita ce mbox, wadda ta samo asali daga tsarin Unix na shekarun 1970. Fayil guda ne da aka jera saƙonni a ciki, wani bayan wani, kowanne ya fara da layi mai kalmar From. Rubutu ne tsagwaro, har hotuna da takardun da aka maƙala an mai da su haruffa, abin da ke sa nauyinsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. Da ita Thunderbird ke adana saƙonni, da ita Apple Mail ke fitarwa, ita Google ke bayarwa. Ba mallakar kowa ba ce, saboda haka da wuya a wayi gari an rasa manhajar da za ta karanta ta.

Sai eml, wato saƙo ɗaya a fayil ɗaya, kamar yadda ya iso. Kusan kowace manhajar imel tana buɗe ta. Idan wasiƙa guda ce ake son miƙa wa lauya ko edita, ita ce abin nema.

Ta uku ita ce pst, ta kamfanin Microsoft. Tana haɗa saƙonni da adireshin mutane da kalanda a dunƙule, kuma a cikin gidan Outlook babu abin da ya fi ta sauƙi. Matsalar tana tasowa ne ranar ƙaura: Thunderbird ba ya buɗe pst kai tsaye, Outlook kuma ba ya karɓar mbox. Outlook na kwamfutar Mac ma tasa sifar daban ce, olm. Ra'ayina shi ne wanda zai ajiye wasiƙu na shekara goma ya ajiye su a mbox ko eml, ko da kuwa yana da pst a gefe.

Fitarwa

A Thunderbird, matakin farko shi ne wanda aka fi mantawa. A ginshiƙin hagu akwai wani sashe mai suna Local Folders, wato jakunkunan da ke zaune a kwamfutar kawai, ba ruwansu da rumbun kamfani. A buɗe sabuwar jaka a ƙarƙashinsa, a zaɓi saƙonnin da ke cikin asusun, a kwafe su zuwa can. A lura, kwafewa aka ce. Wanda ya zaɓi matsarwa ya cire su ne daga rumbun, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, zai sha wahalar gane abin da ya ƙetare da abin da ya rage. Ga masu Gmail, jakar All Mail ce ke ɗauke da kowane saƙo sau ɗaya. Wanda ya bi lakabobi ɗaya bayan ɗaya zai tara maimaici, tun da saƙo guda yana iya ɗaukar lakabi uku ya bayyana a jaka uku.

Daga nan sai a fitar da ajiyar daga kwamfutar. Tun sigar 102 ta 2022, Thunderbird yana da umarnin Export a ƙarƙashin Tools, wanda ke naɗe asusu da saƙonni da littafin adireshi a fayil ɗin zip. Sai dai manhajar da kanta tana gargaɗin cewa idan kayan sun haura gigabait 2, gara mutum ya kwafi jakar da hannu. Ana samun jakar ta hanyar Help, sannan Troubleshooting Information, inda akwai maɓallin buɗe ta. A rufe Thunderbird kafin a kwafa. Mai son fitar da jaka ɗaya kawai a matsayin mbox ko tarin eml zai iya ɗora ƙarin manhajar nan ta kyauta, ImportExportTools NG. Saƙo guda kuwa, jan sa kawai za a yi da linzamin kwamfuta a ajiye a fuskar allo, ya zama eml.

A tsohon Outlook na Windows, hanyar ita ce File, sai Open & Export, sai Import/Export, a zaɓi fitarwa zuwa fayil, a zaɓi pst, a tabbatar an haɗa da ƙananan jakunkuna. Akwai rami a nan. Outlook yana fitar da abin da ya riga ya sauke ne kawai, kuma a asusun wuraren aiki sau da yawa an saita shi ya riƙe saƙonnin shekara ɗaya a kwamfuta, sauran suna rumbu. Wanda bai je saitin asusun ya mayar da ma'aunin zuwa duka ba, ya kuma jira saukar ta kammala, zai tafi da ajiyar da ta yanke a bara, ba tare da wani gargaɗi ya fito ba.

Wanda bai taɓa amfani da manhajar kwamfuta ba yana iya farawa daga Google Takeout, inda kamfanin ke tattara dukan akwatin a mbox ya turo mahaɗin saukewa, wanda ke daina aiki bayan kimanin mako guda. Fayil ɗin yakan yi nauyi, tun da asusun kyauta yana ɗaukar har gigabait 15, saboda haka a nemi wurin da intanet ke da ƙarfi kuma wuta ba ta wasa. Wani abin da ke ba mutane haushi a ƙarshen aiki: filas da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da akwai sauran wuri fal. Sai an sauya tsarin filas ɗin zuwa exFAT ko NTFS, sauyin kuma yana goge abin da ke kansa.

Shigarwa

Ajiyar da ba a taɓa gwada buɗewa ba alkawari ce kawai. Don shigar da mbox a Thunderbird, a rufe manhajar, a jefa fayil ɗin cikin jakar Local Folders da ke kan faifan kwamfutar, a sake buɗewa. Zai bayyana a matsayin jaka, ko da yake babban fayil yakan ɗauki lokaci kafin a gama lissafa shi. A Apple Mail umarnin Import Mailboxes ne a ƙarƙashin File. A Outlook kuwa ba dole a narkar da pst cikin akwatin yanzu ba, ana iya buɗe shi a gefe a matsayin fayil ɗin bayanai, wanda ya fi aminci domin ba ya cakuɗa tsoho da sabo. Bayan an buɗe, a gwada adadin saƙonni da na asali, a nemo mafi tsufa, a buɗe takardu biyu ko uku da aka maƙala.

Idan ƙaura ce tsakanin gidaje biyu da ba sa jin yaren juna, kafin a sayi manhajojin juya fayil da suka cika intanet, waɗanda wasunsu ke neman a ɗora musu dukan wasiƙun mutum a rumbunsu, akwai gada ta kyauta: IMAP ɗin nan da muka kira madubi. A haɗa asusu guda da manhajojin biyu, a kwafe saƙonni daga pst zuwa wata jaka ta asusun a cikin Outlook, sannan a janyo su daga Thunderbird zuwa Local Folders. Tafiyar hawainiya ce, kamfanoni kuma suna ƙayyade yawan abin da za a ɗora a rana, amma tana kaiwa.

Littafin adireshi a fitar da shi daban, kuma a fifita vCard a kan CSV. Masu rubuta sunaye da haruffan Hausa masu lanƙwasa su suka fi sanin dalili: CSV da aka fitar da tsohon tsarin haruffa yakan mai da ɗ da ƙ da ɓ alamar tambaya, sai Ɗanladi ya koma wani abu da ba a iya nema.

Abin da hoton allo ba ya ɗauka

A fagen siyasarmu hoton fuskar waya ya zama makami, kuma kowa ya san yaro mai basira zai iya ƙera shi kafin shayi ya huce. Cikakken saƙon imel yana da wani ɓangare da ba a gani, wanda za mu kira goshin saƙo. A nan ake rubuta kwamfutocin da saƙon ya ratsa da lokacin da ya ratsa kowace, da lambar shaidarsa, kuma a mafi yawan saƙonnin yau akwai hatimin DKIM. Wannan hatimi rumbun mai aikawa ne ke buga shi da mabuɗin sirri, kowa kuma yana iya gwada shi da mabuɗin fili da kamfanin ya wallafa. Idan an sauya ko harafi ɗaya a jikin saƙon, gwajin zai faɗi.

Siyasar Amurka ta nuna fuskokin abin biyu. A Disambar 2014 Hillary Clinton ta miƙa wa Ma'aikatar Harkokin Waje saƙonni kimanin 30,000 a buge a kan takarda, shafi wajen 55,000, takarda kuwa ba ta ɗaukar hatimi. A 2016 kuma, da WikiLeaks ta wallafa saƙonnin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓenta, aka soma cewa ƙila an yi musu kwaskwarima, sai masana tsaron kwamfuta suka gwada hatimin wasu daga cikinsu suka ga ya yi daidai, domin an fitar da su da goshinsu.

Hatimin yana da iyaka. Yana nuna cewa saƙon ya fito ta wannan rumbu kuma ba a taɓa shi ba, amma ba ya faɗin wanda ya zauna ya rubuta. Kamfanoni kuma suna sauya mabuɗansu lokaci lokaci, don haka saƙon da ke da muhimmanci a gwada shi da wuri a rubuta sakamakon. Tura saƙo gaba ta hanyar da aka saba yana zubar da goshin asali. Sai an tura shi a matsayin maƙalallen fayil, ko an sauke shi a eml, abin da Gmail ke bari a yi daga jerin umarnin da ke gefen kowane saƙo. Juya saƙo daga wata sifa zuwa wata, musamman ta cikin Outlook, yakan sake tsara jikinsa har hatimin ya karye, saboda haka wasiƙar da ake jin za ta je gaban alƙali a sauke ta kai tsaye daga inda ta sauka.

Kotu ma tana da nata sharuɗɗan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci mai gabatar da abin da kwamfuta ta samar ya bayyana na'urar da yadda aka samar da shi, da cewa tana aiki daidai a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da shafukan jaridun intanet da aka bugo, kuma rashin cika wannan sashe yana cikin dalilan. Saboda haka ranar da aka fitar da ajiya, a rubuta kwanan wata da irin kwamfutar da manhajar da sigarta a wata takarda, a ajiye tare.

Ajiyar da ke iya cin mai ita

Duk abin da ya sa mbox ta zama abin dogaro shi ne ya sa take da haɗari: ba ta da kulle. Wanda ya tsinci filas ɗin zai karanta komai da manhajar rubutu mafi sauƙi, ba ya buƙatar kalmar sirri. Kalmar sirrin da Outlook ke bari a sa wa pst ƙyauren kara ne, akwai manhajojin da ke cire ta nan take. Jakar Thunderbird da aka kwafe gaba ɗaya kuwa tana tafe da kalmomin sirrin asusun da aka adana a cikinta. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji sun kai samame ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri suka tafi da kwamfutoci. Duk mai riƙe da wasiƙun majiya ya sa wannan a lissafinsa, domin sirrin da ke ciki ba nasa ba ne shi kaɗai.

Maganin ba shi da tsada. Manhajar 7-Zip tana naɗe fayil ta kulle shi da tsarin AES-256, VeraCrypt tana kulle filas gaba ɗaya, duka biyun kyauta ne. Kalmar sirrin ta zama jimla doguwa da ba a amfani da ita a wani wuri, kuma a sani cewa in ta ɓace babu wanda za a kai wa kuka. Kwafi biyu a wurare biyu ya fi ɗaya, kuma kada ɗayan ya zama cikin asusun da ake gudun rasawa.

Imel ɗin wurin aiki hukuncinsa daban. Akwatin mallakar ma'aikata ne, kwashe shi dungurungum yana iya saɓa wa yarjejeniyar aiki, ga ma'aikacin gwamnati kuma yana iya shiga hurumin dokar sirrin gwamnati, baya ga Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta shafi bayanan wasu mutane da ke ciki. Mai niyyar fallasa ɓarna ya ga lauya kafin ya danna maɓalli.

Akwai kuma wani halin mbox da ya kamata a sani kafin a miƙa wa kowa fayil ɗin. Idan aka goge saƙo a Thunderbird, alama kawai ake sa masa a ɓoye shi daga ido, amma rubutunsa yana nan a cikin fayil har sai an matse jakar da umarnin Compact. Wanda ya goge saƙo bisa kuskure yana iya ceto shi muddin ba a matse ba. Wanda kuma ya share wasiƙun wata majiya sannan ya ba abokin aiki fayil ɗin jakar, ya ba shi har da su. Hanya mafi tsabta ita ce a buɗe sabuwar jaka, a kwafe saƙonnin da ake son bayarwa kaɗai a ciki, a fitar da ita, sannan a buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu a nemi sunan majiyar kafin ya bar hannu.